A Baje Mana Komai a Faifai

Tun muna yara ake kwantar mana da hankali cewa ko ƙarya ta shekara tana gudu, rana ɗaya gaskiya za ta kamo ta. Har gobe na yarda da wannan magana. Abin da ke damuna shi ne ɓarnar da ake tafkawa tsakanin ranar da ƙarya ta tashi da ranar da aka cim mata.

A ranar 1 ga watan Yulin 2018, a wani ƙauye mai suna Rainpada a jihar Maharashtra ta Indiya, jama'a suka yi wa wasu maza biyar taron dangi, suka yi ta dukansu har rai ya yi halinsa. Baƙi ne masu yawon neman taimako, kuma abin da ya jawo musu shi ne an ga ɗaya daga cikinsu yana yi wa wata yarinya magana. Kafin wannan rana an shafe makonni ana tura saƙonni a WhatsApp cewa ɓarayin yara sun shigo gari. Cikin abin da ya yi ta yawo a ƙasar a watannin nan akwai wani bidiyo da ke nuna mutum biyu a kan babur sun suri yaro a bakin titi. A Karachi ta Pakistan aka ɗauki bidiyon, shiri ne na jan kunnen iyaye su kula da 'ya'yansu, kuma a ƙarshensa ana dawo da yaron. Wani ne ya datse ƙarshen ya saki sauran. Gaskiya ta kamo wannan ƙaryar, amma sai bayan an binne mutane.

A shekarar ne kuma wasu masana uku na jami'ar MIT da ke Amurka, Soroush Vosoughi da Deb Roy da Sinan Aral, suka fitar da sakamakon wani bincike a mujallar Science. Sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da mutane kimanin miliyan uku suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun mai sake turawa da kashi 70 cikin 100, kuma kafin labarin gaskiya ya kai ga mutum 1,500 yakan ci lokacin da ya ninka na ƙarya kusan sau shida. Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken nan shi ne asusun bogi masu aiki da na'ura ba su ne suka ba ƙarya wannan rata ba, domin su gudu ɗaya suke yi da gaskiya da ƙarya. Mu ne muke ba ta. Ƙarya takan zo da sabon abu mai ban mamaki, ko ban tsoro, ko tayar da ƙyama, yatsa kuwa ba ya jiran hankali ya gama shawara.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, kiran da ake fara ji shi ne a yi doka, a kama, a goge, a toshe. Na san zafin zuciyar da ke sa a yi wannan kira, ni ma na taɓa yin sa. Tambaya ɗaya ce ta sa na janye: wa za a damƙa wa wuƙa da nama ya riƙa yanke cewa wannan gaskiya ce, waccan ƙarya ce?

A ranar 30 ga Disambar 2019, wani likitan ido a birnin Wuhan na ƙasar Sin, Li Wenliang, ya rubuta wa abokan karatunsa a wani zaure na manhajar saƙonni ta WeChat cewa an kwantar da wasu marasa lafiya da wata cuta mai kama da SARS, su yi hattara. Ranar 3 ga Janairun 2020 'yan sanda suka kira shi, suka sa ya sa hannu a takardar gargaɗi bisa zargin yaɗa jita-jita da tayar da hankalin jama'a. Ya koma bakin aikinsa, cutar, wato korona, ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu. A watan Maris hukuma ta janye gargaɗin, ta ba iyalinsa haƙuri. A waɗannan makonni da duniya ta fi bukatar jin gaskiya, mai faɗarta ne aka kira maƙaryaci, kuma da sunan yaƙi da labaran ƙarya aka rufe masa baki.

Wani zai ce ai wannan kuskuren ƙasa ɗaya ne. To a duba sauran. Malesiya ta yi dokar hana labaran ƙarya a Afrilun 2018, makonni kaɗan kafin babban zaɓe, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara shida. Sai a 2019 aka soke ta. Singafo ta yi tata a 2019, wadda ta ba minista ikon umartar mutum ya manna gyara a kan rubutunsa, kuma wanda aka fara aiwatar da ita a kansa ɗan adawa ne. Rasha, a watan Maris na 2022, ta sa ɗaurin da ya kai shekara 15 ga duk wanda ya yaɗa abin da gwamnati ta kira ƙarya game da sojojinta. Inda doka ta gaza kuma sai a kashe intanet ɗin gaba ɗaya: ƙungiyar Access Now, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta ƙirga sau 283 da aka yi haka a ƙasashe 39 a shekarar 2023 kaɗai. Mai mulki, kowane iri ne, yana da labarin da ba ya son a ji. Ba shi ikon tantance gaskiya ba shi da maraba da ba kura ajiyar nama.

Kamfanonin dandalin sada zumunta ma da suke gogewa a ɓoye ba su tsira ba. Mutum ya wayi gari ya ga rubutunsa ya ɓace, ba wanda ya ce masa ga dalili, ba inda zai kai ƙara. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne lallai ya taɓo wata gaskiya da ake ɓoyewa. Daga ranar ya ƙara riƙe ƙaryar da hannu biyu, ya kuma sami sabon labarin da zai ba mabiyansa. Kada a fahimce ni a baibai, akwai abin da gogewa ce kawai maganinsa. Wanda ya ce a je a kashe wane, ko a ƙona unguwar su wane, ba ra'ayi yake faɗa ba. A Miyanma an daɗe ana zuga mutane a Facebook a kan Musulmin Rohingya, kamfanin kuma yana da 'yan ƙalilan ɗin ma'aikata masu jin harshen ƙasar. Daga Agustan 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, kuma a Nuwamban 2018 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Irin wannan a cire shi da gaggawa. Amma yawancin ƙaryar da ke yawo ba ta kai nan ba: tsohon hoto ne da aka ce na jiya ne, maganar da aka jingina wa wanda bai faɗa ba, adadin da aka ƙara wa sifili.

Ga irin wannan, ina ganin an daɗe da gano hanya, tun kafin a yi mafarkin waya. Sa'ad da ƙirƙirar hadisai ta yi yawa a ƙarnonin farko na Musulunci, malamai sun fuskanci matsalar da ta yi kama da tamu ƙwarai: magana tana yawo baki zuwa baki, daga gari zuwa gari, kowa yana jingina ta ga wanda ba a iya tambaya. An ruwaito daga Muhammadu ɗan Sirin cewa da can ba a tambayar isnadi, amma da fitina ta auku sai aka koma cewa, "Ku ambata mana mutanenku." Abdullahi ɗan Mubarak kuma ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A lura da abin da suka yi. Sun wajabta wa mai magana ya faɗi wanda ya gaya masa, shi ma wancan wa ya gaya masa, har a kai tushe. Sannan suka rubuta tarihin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya: wane mai gaskiya ne amma yana da mantuwa, wane bai taɓa haɗuwa da wanda yake cewa ya ji daga bakinsa ba, wane an kama shi da ƙarya. Hatta ƙirƙirarrun hadisan sun tattara su a littattafai na musamman don a san su a guje su. Suka ajiye duk wannan a inda ɗalibi zai iya buɗewa ya duba da idonsa. Ko mutum ba Musulmi ba ne, dabarar a fili take: ka nuna mini hanyar da maganar ta biyo, ka nuna mini halin waɗanda suka ɗauko ta, ni zan san matsayin da zan ajiye ta.

Yanzu a ɗauki saƙon da ya faɗo wayarka da safiyar yau. Wa ya rubuta shi? Yaushe? Ta hannu nawa ya biyo? An biya wani kuɗi don ya iso gare ka? Me ya sa shi ne a sama ba wani ba? Ba ko ɗaya da za ka iya amsawa. Sunan da kake gani kawai shi ne na wanda ya turo maka, wanda galibi ɗan'uwanka ne ko abokinka ko wani da kake ganin girmansa, sai amincin da kake da shi gare shi ya lulluɓe maganar da shi ma bai san asalinta ba. Wani ɓangare mai yawa na wannan salsala yana hannun kamfanonin. Mu ne ba a nuna wa.

A fara da abin da ke zaɓar maka abin da za ka gani. Babu wanda ke ganin duk abin da abokansa suka rubuta. Akwai wani tsarin lissafi a cikin manhaja da ke auna dubban rubuce-rubuce ya jero maka waɗanda yake ganin za su fi riƙe ka. Da me yake aunawa? Sai da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fito da dubban takardun cikin gida a 2021, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka a watan Oktoba, sannan duniya ta leƙa ciki. Takardun sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin nuna yanayi, har da ta fuskar fushi, nauyin da ya ninka na alamar so sau biyar. Ke nan rubutun da ya tunzura mutane ya fi samun a ɗaga shi sama a nuna wa wasu. Masu bincike na kamfanin da kansu suka gano cewa rubutun da ke tara alamar fushi ya fi yawan ƙunsar ƙarya da cin zarafi, daga baya aka rage nauyin. Shekaru ana jujjuya abin da biliyoyin mutane ke karantawa da wannan ma'auni, ba wanda ya sani a waje. Da a ce dole ne a bayyana shi tun ranar farko, da wuya ya kwana bakwai ba a yi masa ca ba.

A cikin takardun nan kuma aka ga yadda ake rabon kulawa. Kashi 87 cikin 100 na abin da aka ware don tantance labaran ƙarya Amurka aka nufa da shi, sauran duniya duka ta raba kashi 13, alhali mafi yawan masu amfani da dandalin ba a can suke ba. Duk mai rubutu da harshen da ba na manyan kasuwanni ba ya san ma'anar wannan a aikace: ka kai ƙarar rubutun da ke zuga kisa ƙarara, a dawo maka da amsa cewa bai saɓa ƙa'ida ba, domin babu wanda ya karanta shi da ya ji abin da aka ce. Ina so kowane kamfani ya riƙa bugawa a fili: mutum nawa ya ɗauka don kowane harshe, ƙara nawa aka kawo, nawa aka duba, cikin awa nawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ake yawan mantawa. Ba kowane maƙaryaci ne ke da aƙida ba. A lokacin zaɓen Amurka na 2016 an gano shafuka sama da ɗari na labaran siyasar Amurka da ake gudanarwa daga wani ƙaramin gari mai suna Veles a Masedoniya, yawancinsu a hannun matasa. Ba ruwansu da wanda zai ci zaɓe. Sun lura cewa labarin da ya fi tayar da hankali ya fi kawo masu dannawa, masu dannawa kuma su ne kuɗin talla. Wani misalin ya fi wannan ciwo. Shuɗiyar alamar da ke gaban suna a Twitter a da tana nufin an tantance cewa mutumin shi ne. Da aka mai da ita abin sayarwa, sai a watan Mayun 2023 wani hoton bogi na fashewar wani abu kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ya yaɗu ta hannun asusu masu wannan alama, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza na wasu mintuna. An sayar da shaidar amana ga duk mai iya biya, mutane kuwa suna karanta ta da tsohuwar ma'anarta. Duk rubutun da aka biya don ya yaɗu, ya kamata ya zo da sunan wanda ya biya, da nawa ya biya, da irin mutanen da ya ce a nuna wa.

Wannan ba mafarki ba ne. Tarayyar Turai ta zartar da dokar ayyukan intanet a 2022, ta fara aiki a kan manyan dandali, masu mutum miliyan 45 ko fiye a ƙasashen tarayyar, daga Agustan 2023. Abin da ya burge ni da ita shi ne ƙarfinta ya fi karkata ga tilasta bayani. Dole dandali ya faɗi manyan ma'aunan da yake jera rubutu da su. Dole ya ba mutum zaɓin ganin abubuwa ba tare da an bi tarihin ɗabi'unsa ba. Dole ya ajiye rumbun tallace-tallace da kowa zai iya bincikawa. In ya goge maka rubutu, dole ya faɗa maka dalili ya kuma buɗe maka ƙofar ɗaukaka ƙara. Wanda ya ƙi, tararsa tana iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya. Dokar tana da nata raunin, kuma kowace gwamnati tana iya karkatar da doka mai kyau. Amma ta tabbatar da cewa kamfanonin suna iya yin waɗannan abubuwa in an matsa musu. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa mai waya a Turai zai sami wannan haƙƙi, mai irin wayar a wata nahiya ya rasa.

Abin takaici, a wasu wuraren baya ake komawa. A 2023 Twitter ta rufe ƙofar da masu bincike ke samun bayanai kyauta. A Agustan 2024, ana tsakiyar shekarar da ƙasashe da yawa ke zaɓe, Meta, uwar kamfanin Facebook, ta kashe CrowdTangle, manhajar da 'yan jarida da masu tantance labarai ke amfani da ita su ga abin da ke yaɗuwa a Facebook da Instagram. Ta kawo wata a madadinta, amma wadda ba kowa ake bari ya shiga ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kada kuma gwamnatoci su ɗauka wannan magana ta kamfanoni ce kawai. Jita-jita a inda aka yi shiru take tsiro. A ranar 29 ga Yulin 2024 wani matashi ya kashe yara mata uku a garin Southport na Ingila. Da yake shekararsa 17, doka ta hana a faɗi sunansa. Cikin 'yan awoyi aka ƙirƙiri wani suna aka yaɗa, aka ce Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta jirgin ruwa. Washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa wasu biranen. Yaron a Kadif, cikin Birtaniya, aka haife shi, kuma sai ranar 1 ga Agusta alƙali ya ɗage haramcin faɗin sunansa, yana mai nuni da cewa ɓoyewar tana ba masu ƙarya fili. Wannan a ƙasar da hukuma ke da dalilin doka na yin shiru ke nan. Ina ga inda shirun na raini ne, inda za a yi hatsari ko hari a kwana uku ba wanda ya fito ya ce ga abin da ya faru, ko a fito a faɗi adadin da kowa ya san an rage? Hukumar da aka kama da ƙarya sau biyu, ranar da ta faɗi gaskiya ba mai saurarenta. Ba ta da bakin zargin jama'a da bin jita-jita alhali ita ta kora su can.

To, in an baje komai, saura mai karatu. A nan ne wasu ke cewa ana ɗora wa talaka nauyin da ya fi ƙarfinsa: mutum ya dawo daga aiki a gajiye, a ce kuma sai ya zama ɗan jarida kafin ya karanta saƙo. Akwai gaskiya a wannan ƙorafi, shi ya sa na fara da kamfanoni da hukuma. Amma ban yarda cewa mutane ba sa son gaskiya ba. Yawancin masu tura ƙarya ba su san ƙarya ba ce. Suna turawa ne don su tsirar da wani, ko su nuna suna tare da nasu.

Hujjata ita ce yadda ƙananan abubuwa ke canza hali. Bayan kashe-kashen Indiya, WhatsApp ta fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, ta kuma taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018, a duniya duka a Janairun 2019. A Afrilun 2020 ta ce saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda, kuma kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ba a karanta saƙon kowa ba, ba a hana kowa magana ba. A shekarar ce Twitter ta gwada tambayar mutum, in zai tura labarin da bai buɗe ba, ko zai so ya fara karantawa. Ta ce buɗe labarai ya ƙaru da kashi 40 cikin 100 a wurin waɗanda suka ga tambayar. Daƙiƙa biyu na tsayawa ke nan.

Akwai kuma dabarar da kowa zai iya koya a zama ɗaya. Sam Wineburg da Sarah McGrew na jami'ar Stanford sun zaunar da rukuni uku a gaban kwamfuta: malaman tarihi masu digirin digirgir, ɗaliban jami'ar, da ƙwararrun masu tantance labarai. Suka ba su shafuka su faɗi wanne ne abin dogaro. Malaman da ɗaliban suka tsaya a cikin shafin suna karantawa daga sama har ƙasa, suna duba kyan tsari da tambari da yawan manazarta, da yawansu kuma suka ruɗu. Masu tantancewar kuwa ba su daɗe a shafin ba. Suka fita, suka buɗe wasu wurare suna tambaya: su wane ne waɗannan, wa ke ba su kuɗi, me wasu ke cewa a kansu? Suka fi kowa sauri, suka fi kowa dacewa. Wannan ai shi ne "ku ambata mana mutanenku". Ba a tambayar mai ruwaya ko shi mai gaskiya ne, waɗanda suka san shi ake tambaya. Ƙasar Finlan ta sa irin wannan tarbiyya a manhajar karatunta tun daga ƙananan azuzuwa, yaro yana koyon yadda ake yaudara da hoto da adadi kamar yadda yake koyon lissafi.

Game da gyaran da jama'a ke yi da kansu, zuciyata a rabe take. Tsarin da Twitter ta fara a 2021, wanda yanzu ake kira Community Notes a X (sabon sunan Twitter), yana barin masu amfani su rubuta ƙarin bayani a ƙarƙashin rubutu, kuma bayanin ba ya fitowa sai mutanen da suka saba saɓa wa juna sun yarda yana da amfani. Lissafin da ke yanke wannan a buɗe yake, kowa zai iya dubawa, kuma rubutun asali yana nan ba a taɓa shi ba. Wannan ya yi daidai da abin da nake kira a yi. Matsalar ita ce mafi yawan bayanan da ake rubutawa ba sa taɓa fitowa, musamman a kan batutuwan da suka fi raba kan mutane, waɗanda suka fito kuma sukan zo bayan ƙarya ta gama cin kasuwarta. Saboda haka da Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Meta, ya sanar a Janairun 2025 cewa Meta za ta daina aiki da ƙwararrun masu tantancewa a Amurka ta koma irin wannan tsari, ban ga abin murna ba. Ƙwararre da ɗan sa-kai ba kishiyoyi ba ne. A Taiwan, tun 2016 'yan sa-kai suka kafa Cofacts: ka tura saƙon da kake shakka ga wani asusu a manhajar LINE, ya dawo maka da abin da aka gano a kansa da inda aka samo. Irin wannan ne zai shiga zaurukan da idon kowa ba ya kaiwa.

Gaba kuma akwai abin da ya fi wannan wuya. Da muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana haɗa fuska da murya: a Maris na 2022 an saki bidiyon bogi na shugaban Yukren yana cewa sojojinsa su ajiye makamai, a Janairun 2024 kuma aka kira masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar bogi ta shugaban ƙasar na lokacin, Biden, ana ce musu su zauna a gida. Ido da kunne ba za su iya wannan aiki su kaɗai ba. Tun 2021 wasu kamfanoni da kafofin labarai, ciki har da Adobe da Microsoft da BBC, suka haɗu a kan wani tsari na manna wa hoto tarihinsa: wace na'ura ta ɗauke shi, yaushe, me aka canza. Isnadi ke nan na hoto. Amfaninsa zai bayyana ne ranar da dandali suka daina share wannan tarihi in an ɗora hoto, suka riƙa nuna shi a inda kowa zai gani. Kuma duk wannan bayani, in a rubuce kawai zai zo, cikin harsuna biyar ko shida, to an bar miliyoyin da saƙon murya ne karatunsu. Gargaɗin ma ya zo da murya, cikin harshen da aka yi ƙaryar.

Ni ma na taɓa turawa. Wani dare aka turo mini hoton gawarwaki a jere, aka ce na wani hari ne da aka kai a ranar. Jikina ya yi sanyi, raina ya ɓaci, na tura wa zauren 'yan'uwa da na abokan karatu ba tare da na tsaya ba. Ba a yi rabin awa ba ƙanwata ta kira ni. Ta ce, "Yaya, hoton nan ya fi shekara biyar a intanet, kuma ba ma a ƙasar aka ɗauke shi ba. Hatsarin tankar mai ne." Ta sa hoton ne a manhajar binciken hoto ta Google, abin da bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Na koma zaurukan biyu na rubuta cewa na yi kuskure, na roƙi duk wanda ya tura gaba ya bi da gyara. Mutum uku suka amsa. Sauran, da waɗanda suka tura wa, da waɗanda su ma suka tura wa, ba ni da hanyar kai musu. Har yau akwai mutanen da ke ɗauke da ƙiyayyar wasu mutane a zuciya saboda hoton da ya bi ta hannuna.

Abin da na nema a daren nan ban samu ba shi ne maɓallin da zai bi sawun saƙona, ya isa duk inda ya isa, ya ce wanda ya turo wannan ya janye shi, ga dalili. A Afrilun 2020 Facebook ta fara aika sanarwa ga mutanen da suka taɓa hulɗa da labaran ƙarya masu cutarwa game da korona waɗanda aka cire daga baya, wato hanyar komawa ga wanda ya gani tana nan a dandalin da ke buɗe. A manhajojin saƙon sirri abin ya fi wuya, tunda kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki, kuma ba na so ya gani. Amma manhajar da ta iya ƙirga cewa saƙo ya bi hannu da yawa har ta sa masa alama, injiniyoyinta za su iya zama su nemo yadda gyara zai bi hanyar da saƙon ya bi ba tare da an buɗe sirrin kowa ba. Turawa taɓawa ɗaya ce. Ina so janyewa ma ta zama taɓawa ɗaya.